Yadda Za Ka Haɗa Wayarka da Intanet ta Wi-Fi da Data, da Abin Yi Idan Ta Ƙi

Hanya biyu ce wayar hannu take bi ta kai ga intanet ba tare da an jona mata kebul ba. Ta farko ita ce data, inda layin da ke cikin wayar yake magana kai tsaye da ƙarfen sabis na kamfanin sadarwa, ko da ƙarfen yana can nesa. Ta biyu ita ce Wi-Fi, inda wayar take magana da wata 'yar na'ura da ke kusa da ita, wadda ake kira rauta, ita kuma rautar ta miƙa saƙon gaba. Dukkansu da siginar rediyo suke aiki, amma tsarinsu ba ɗaya ba ne, haka ma matsalolinsu.

Akwai abu guda da nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai: haɗuwa da Wi-Fi daban, samun intanet daban. Alamar nan mai lanƙwasassun layuka da take fitowa a saman waya, iyakar abin da take gaya maka shi ne wayarka da rauta suna jin juna. Ba ta ce maka rautar tana da intanet ba. Kamar famfo ne da aka jona da bututu tsaf, amma tankin da ke sama babu ruwa: komai murɗawarka ba abin da zai zubo, kuma laifin ba na famfon ba ne. Yawancin wahalar da mutane ke sha da wayoyinsu daga rashin rarrabe waɗannan biyun take tasowa. Sai ka ga mutum ya goge saitin wayarsa kaf, alhali datar da ke kan rautar ce ta ƙare.

Haɗawa da Wi-Fi karon farko

Abu biyu kake buƙata, sunan netwok ɗin da kalmar sirrinsa. Idan rautar sabuwa ce, ko ba a taɓa sauya mata saiti ba, juya ta ka duba ƙasanta ko bayanta. Za ka ga wata takarda manne mai ƙananan rubutu. Sunan yana gaban haruffan SSID, kalmar sirrin kuma tana gaban Password ko WPA Key. Idan rauta ce ta aljihu, irin wadda ake sa wa layi, sau da yawa takardar tana ciki, sai ka buɗe murfi, wani lokaci har ka cire batir, kafin ka gan ta. Ka lura da kyau, takardar takan ɗauki kalmar sirri biyu: ɗaya ta Wi-Fi, ɗaya ta shiga shafin sarrafa rautar, wadda galibi take kusa da kalmar admin. Ta farkon kake nema yanzu.

A wayar Android, ja yatsa daga saman fuskar wayar zuwa ƙasa, ka ɗora yatsa a kan alamar Wi-Fi ka riƙe ta kaɗan. Hakan zai kai ka shafin Wi-Fi kai tsaye, ba sai ka yi yawon nema ba. In ka fi son doguwar hanya, shiga Settings, daga nan Network & internet; a wayoyin Samsung sunan wurin Connections. Kunna Wi-Fi, ka jira jerin sunaye su bayyana, ka danna wanda kake so, ka rubuta kalmar sirri, ka danna Connect. A iPhone kuwa, shiga Settings, danna Wi-Fi, kunna maɓallin ya zama kore, zaɓi sunan, rubuta kalmar sirri, danna Join. Idan ta haɗu za ka ga shuɗin maki a gefen sunan.

A wurin rubuta kalmar sirri ne akasari ake tuntuɓe, don haka kada ka yi gaggawa. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin rauta. In akwai alamar ido a gefen akwatin, danna ta don ka riƙa ganin abin da kake rubutawa. Sannan ka sa ido a kan haruffan da suke kama da juna a ƙaramin rubutu: sifili da babban O, lamba 1 da ƙaramin l da babban I, lamba 8 da babban B. Idan turo maka kalmar aka yi ka kwafa ka manna, duba ko ɗan fili ya biyo ta a ƙarshe, domin shi ma rauta tana ƙirga shi a matsayin harafi. Kalmar sirrin Wi-Fi ta yau da kullum ba ta gaza haruffa 8, ba ta wuce 63. In an ba ka mai haruffa shida, to ba ita ba ce, wata kalmar aka ba ka.

Akwai hanyar da ta fi rubutu sauƙi idan wani a wurin ya riga ya haɗu. Tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, mutum zai iya danna sunan netwok ɗin da yake kai, ya zaɓi Share ko alamar QR, sai wani zane mai ɗigo-ɗigo ya fito. Kai kuma ka haska shi da kyamararka, wayar ta haɗu da kanta. Kyamarar iPhone ma tana karanta irin wannan zanen tun iOS 11. Tsakanin iPhone biyu kuwa, idan kowanne ya kunna Wi-Fi da Bluetooth, kuma kowa yana da imel ɗin asusun Apple na ɗan'uwansa a cikin lambobinsa, da ka danna sunan netwok ɗin saƙo zai fito a wayar ɗayan yana tambayarsa ko zai ba ka kalmar.

Wasu kan ɓoye sunan netwok ɗinsu, ba ya fitowa a jeri. Nan sai ka gangara ƙasa ka danna Add network a Android, ko Other a iPhone, ka rubuta sunan daidai harafi da harafi, ka zaɓi nau'in tsaro, galibi WPA2, sannan kalmar sirri. A ganina ɓoye suna wahala ce kawai ga masu gida. Wanda ya san aikin zai gano sunan cikin ɗan lokaci, kalmar sirri mai ƙarfi ita ce take karewa.

Idan ka ga suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe

Rautoci da yawa suna fitar da netwok biyu, sai ka ga sunan ɗaya yana ƙarewa da 2.4G, ɗayan da 5G. Wannan 5G ɗin ba shi da alaƙa da 5G na layin waya. Mitar rediyo ce, 5 GHz. Mitar 2.4 GHz ta fi kai wa nesa, ta fi ratsa bango, amma ba ta kai ɗayar gudu ba, kuma cunkoso ya yi mata yawa: Bluetooth a nan yake aiki, na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ma a nan take watsa hayaniyarta, ga rautocin maƙwabta. Mitar 5 GHz ta fi gudu da sarari, amma bango biyu na kankare sun isa su raunana ta. Saboda haka in kana ɗaki ɗaya da rauta ko kusa, hau ta 5. In kana can ƙurya, ta 2.4 za ta fi riƙe ka. Sabbin rautoci kan haɗe su a suna ɗaya su zaɓa maka da kansu.

Wi-Fi ɗin kansa yana da zamani-zamani. Ƙa'idar farko, 802.11, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ita a 1997, iyakar gudunta megabit 2 a daƙiƙa. Wadda ake kira Wi-Fi 4 ta zo a 2009, Wi-Fi 5 a 2013, Wi-Fi 6 a 2019, aka fara tantance na'urorin Wi-Fi 7 a 2024. Abin da ya shafe ka a nan kaɗan ne: sabuwar waya tana hawa tsohuwar rauta, tsohuwar waya ma galibi tana hawa sabuwa, amma da gudun wadda ta fi tsufa a cikinsu za a tafi.

Karanta abin da wayar ta rubuta

Daga lokacin da ka danna Connect, matakai huɗu ne suke faruwa a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wayar ta nemo rautar. Su biyun su tabbatar kalmar sirri ta yi daidai. Rautar ta ba wayar adireshi, lambar IP, irin su 192.168.1.23, wanda da shi za ta gane ta a cikin sauran na'urori. Daga ƙarshe wayar ta aika wani ɗan saƙon gwaji zuwa Google ko Apple don ta ga ko hanyar waje a buɗe take. Duk saƙon matsala da za ka gani a ƙasan sunan netwok yana nuna maka a wane mataki aka tsaya. Mai karanta shi ya rage wa kansa rabin aiki.

Idan sunan bai fito ba sam, matsa kusa da rautar, ka tabbatar fitilunta a kunne suke. Kashe Wi-Fi a wayar ka sake kunnawa. In wasu wayoyi suna ganin sunan taka ba ta gani, mai yiwuwa rautar a 5 GHz kaɗai take watsawa, wayarka kuma 2.4 kaɗai take ji, kamar yadda tsofaffin wayoyi da wasu ƙanana suke.

Idan ta rubuta Authentication error ko Incorrect password, ko ta tsaya a Saved ta ƙi gaba, mataki na biyu ne. Ko ka yi kuskuren rubutu, ko an sauya kalmar wayarka tana ta gwada tsohuwar. Danna sunan, zaɓi Forget, wato wayar ta manta da shi, sannan ka shigar da kalmar daga farko. In ka tabbata kalmar daidai take, wasu suna hawa da ita, to duba shekarun wayarka. Rautar da aka saita a kan WPA3 zalla ba ta karɓar wayar da ba ta san wannan tsarin ba. Mai rautar sai ya mayar da ita tsarin haɗaka na WPA2 da WPA3.

Idan ta tsaya a Obtaining IP address tana juyawa, ta yanke, ta sake farawa, kalmar sirrinka ta wuce, adireshi ne ba a ba ka ba. A iPhone alamar ita ce in ka danna ƙaramin harafin i da ke gefen sunan ka ga adireshin ya fara da 169.254, wannan lamba ce da wayar ta ƙirƙira wa kanta don ba wanda ya amsa mata. Maganin da ya fi ci shi ne cire rautar daga wuta, a jira kamar rabin minti, a mayar, a ba ta minti biyu ta gama tashi. Kada ka soka tsinke a ɗan ramin nan na bayanta mai rubutun Reset, domin shi goge saitin rautar yake yi baki ɗaya. Wani dalilin kuma shi ne rautar ta cika. Ƙananan rautocin aljihu suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka. Akwai na uku da ba a cika tunawa da shi ba. Kowace waya tana da lambar shaida ta Wi-Fi da ake kira MAC, kuma tun Android 10 da iOS 14 wayoyi suna nuna wa kowane netwok wata lambar daban don kada a bi sawun mai su. Wannan abu ne mai kyau. Amma a ofis ko makarantar da aka yi wa na'urori rajista da ainihin lambarsu, rautar za ta ɗauke ka baƙo. Sai ka shiga saitin wannan netwok ɗin kaɗai ka kashe Private Wi-Fi Address a iPhone, ko ka zaɓi Use device MAC a Android.

Sai babban cikinsu: Connected, no internet, ko alamar Wi-Fi da ɗan alamar motsin rai a jikinta. Kafin ka taɓa saitin komai, yi gwaji guda. Ɗauki wata waya ko kwamfuta ka hau netwok ɗin. In ita ma ba ta buɗe komai ba, ajiye wayarka, lafiyarta ƙalau. Je ka duba rautar: kuɗin wata ya ƙare? Layin da ke cikinta yana da sabis? Kebul ɗin da ke shiga bayanta bai saki ba? A na'urorin da ake jawo wa kebul na faiba, idan fitilar da aka rubuta wa LOS tana ƙiftawa da ja, haske ne ba ya isowa ta kebul ɗin, kuma wannan aikin kamfani ne, ba abin da za ka iya yi daga ɗaki sai kira.

In kuwa kowa yana hawa sai kai, to a wayarka gizo ke saƙar. Fara da agogo. Idan kwanan wata da lokacin wayar sun karkace, shafuka masu tsaro za su ƙi buɗewa, domin takardun shaidarsu suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, wayar kuma da agogonta take auna su. Mayar da kwanan wata da lokaci kan saitin kai-da-kai. Bayan haka kashe VPN, wato manhajar da ke bi da bayananka ta wata ɓoyayyiyar hanya, in kana da shi, musamman irin na kyauta da mutum kan manta ya kunna. Sannan DNS, wato tsarin da yake fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa.  In mai fassara sunayen ya tsaya, shafuka za su ƙi buɗewa ko da hanya a buɗe take. A Android nemi Private DNS, wanda ya shigo tun Android 9, ka mayar da shi Automatic, ko ka rubuta dns.google. A iPhone danna harafin i, shiga Configure DNS, ka sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1.

Jan ƙafa kuma wata matsala ce daban. Cikar layukan Wi-Fi ba ta nufin gudu. Gwada gudun a shafin fast.com ko manhajar Speedtest, sau ɗaya kana tsaye gaban rautar, sau ɗaya a inda ka saba zama. In lambobin sun yi nisa da juna, matsalar tazara ce da bango. In duka biyun ƙasa suke, ko dai intanet ɗin da ke shigowa ne ba shi da ƙarfi, ko wani a gidan yana sauke abu mai nauyi. Ka kuma tuna da megabit ake auna gudu, da megabait ake auna girman fayil, kuma bit 8 ne suke yin bait 1. Mai gudun megabit 20 zai sauke kimanin megabait 2.5 ne a daƙiƙa, ba cutarsa aka yi ba.

Wi-Fi na jama'a

A filin jirgi, otal, laburare da makamantansu, netwok ɗin yakan zama ba kalmar sirri, amma ba za ka samu intanet ba sai ka wuce wani shafin shiga, inda za ka amince da sharuɗɗa ko ka sa lambar ɗaki. Yawanci shafin yana fitowa da kansa. In ya ƙi, kashe VPN da Private DNS, ka buɗe burauza ka rubuta captive.apple.com ko neverssl.com. Waɗannan shafuka ne marasa kulle, don haka netwok ɗin yana iya tare su ya juya ka zuwa shafinsa.

Ana yawan tsoratar da mutane a kan Wi-Fi na jama'a, har wasu suna ganin da ka hau an gama da kai. Abin bai kai haka ba. Yawancin shafuka da manhajoji yanzu a rufe suke aika bayanai, ta tsarin HTTPS, wanda yake zaune kusa da kai ba zai karanta saƙonka ba. Haɗarin gaske yana wani wurin. Kowa zai iya kunna netwok ya sa masa sunan otal ɗin ya ƙara kalmar Free, ya zauna yana jira. Saboda haka tambayi ma'aikacin wurin ainihin sunan. Duk shafin shiga da ya nemi kalmar sirrin imel ɗinka ko ta Facebook, ko ya ce sai ka sauke wata manhaja ko takardar shaida kafin ka hau, fita ka bar shi. In burauza ta yi gargaɗi cewa haɗin ba shi da tsaro, kada ka danna ci gaba. Harkar banki kuwa, ni dai shawarata ka kashe Wi-Fi ka yi ta da datarka. Minti biyu ne, kuma hankalinka kwance. Idan za ka bar wurin, sa wayar ta manta da netwok ɗin, don kada gobe ta hau wani mai irin sunan ba da saninka ba.

Hawa ta data

Nan abin ya fi sauƙi. Layin ya kasance yana aiki, akwai data a kansa, sai ka kunna Mobile data a Android, ko Cellular Data a iPhone, wanda a wasu ƙasashe ake rubuta shi Mobile Data. A waya mai layi biyu, shiga saitin SIM ka tabbatar layin da ka saya wa data shi aka zaɓa. Wannan ɗan kuskuren yana cinye wa mutane kuɗin kira ba su ankara ba.

Harafin da ke gefen layukan sabis yana gaya maka irin hanyar da kake kai. E na zamanin 2G ne, da ƙyar yake aika saƙon rubutu. H ko H+ na 3G ne. LTE ko 4G shi ne wanda aka fara buɗe wa jama'a a biranen Stockholm da Oslo a ƙarshen 2009, kuma har yau shi ne ƙashin bayan data a yawancin duniya. 5G ya fara yaɗuwa a 2019. In wayar ta maƙale a E ko H a inda ka san akwai 4G, kunna yanayin jirgin sama na 'yan daƙiƙoƙi ka kashe, hakan yana tilasta mata ta sake neman ƙarfen sabis. In ba ta sauya ba, duba Preferred network type, ko wani ya kulle ta a 3G. Ƙasashe da dama suna rufe tsofaffin hanyoyin. A Amurka manyan kamfanonin uku duk sun kashe 3G a 2022, don haka tsohuwar waya tana iya wayar gari ba data a irin waɗannan wuraren. A inda 5G yake da rauni kuwa, wayar tana ta hawa da sauka tana shan caji, gara ka tsayar da ita a 4G.

Idan kira yana shiga, akwai data, amma babu wani harafi a gefen sabis, zargi APN. Shi ne sunan ƙofar da layin yake bi ya shiga intanet na kamfaninsa. Galibi yana shiga da kansa da zarar an sa layi, amma a wayar da aka sayo daga wata ƙasa yakan zo fanko ko da na wani kamfani. A Android yana cikin saitin layin, ƙarƙashin Access Point Names; danna ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi Reset to default. In bai gyaru ba, nemi ainihin sunan daga kamfanin layinka ka rubuta da hannu, ka adana, ka zaɓe shi. Kada ka ɗauki saitin APN da ake yawo da shi da sunan data kyauta ko ƙarin gudu.

In ka ƙetare iyakar ƙasa, data ba za ta yi aiki ba sai ka kunna Data roaming, kuma cajin yin hakan yakan yi tsada ƙwarai. San farashin kafin ka kunna, ko ka sayi layin ƙasar, ko eSIM, wato layin da ba shi da kati, in wayarka tana ɗauka.

Wani abu da ya kamata ka sani: waya tana iya sauka daga Wi-Fi ta koma data ba tare da ta tambaye ka ba, idan ta ga Wi-Fi ɗin ya yi rauni. A iPhone sunan wannan Wi-Fi Assist, yana can ƙasan shafin Cellular. A Samsung kuma Switch to mobile data. Mai ƙididdige datarsa ya kashe shi.

Mayar da waya ta zama rauta

Wayar da take da data tana iya raba wa wasu. A Android nemi Hotspot & tethering, a iPhone Personal Hotspot. Kafin ka kunna, sa kalmar sirri mai tsawo, kada ka bar shi a buɗe. Sauran na'urori za su ga sunan wayarka a jerin Wi-Fi su hau kamar kowane netwok. In wata tsohuwar kwamfuta ba ta ganin sa, mayar da mitar zuwa 2.4 GHz, a iPhone 12 zuwa sama maɓallin sunansa Maximize Compatibility.

Inda ake asara shi ne na'urar da ta hau sau da yawa ba ta san datar saye take sha ba. A wurinta Wi-Fi ne, sai ta saki jiki: kwamfuta ta fara sauke sabuntawar Windows, waya ta fara ɗora hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, kafin ka farga gigabait sun tafi. Saboda haka a kan na'urar da ta hau, shiga saitin netwok ɗin ka sanar da ita cewa mai awo ne: Metered connection a Windows, Treat as metered a Android, Low Data Mode a iPhone. Raba data yana kuma ɗumama waya yana shan batir. In kwamfuta ɗaya kawai za ka ba, jona su da kebul ka kunna USB tethering, haɗin ya fi tsayawa, wayar kuma tana caji.

In rautar taka ce

Ajiye ta a tsakiyar gida, a sama, a fili. Kada ka cusa ta cikin kabad, ko bayan talabijin, ko kusa da firji da manyan ƙarafa da madubi, domin ƙarfe da ruwa da kankare su ne suka fi cin sigina. Sau da yawa ɗaga rauta daga ƙasa zuwa wuri mai tsayi ya fi sayen sabuwa amfani.

Sannan ka shiga shafin sarrafa ta. Kana kan Wi-Fi ɗinta, rubuta adireshin da ke jikin takardar a burauza, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Fara da sauya kalmar sirrin admin, domin wadda take zuwa da ita sananniya ce. A wurin tsaro zaɓi WPA3, wanda ya fito a 2018, ko WPA2 mai AES, wanda ake amfani da shi tun 2004. Tsohon tsarin tsaro na WEP kuwa tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi, rautar da ba ta da wani zaɓi sai shi ta gama aiki. Kashe WPS, tsarin haɗawa da lambobi takwas, wanda aka gano ɓarakarsa a 2011. In baƙi suna yawan neman Wi-Fi, kunna netwok na baƙi ka ba su kalmarsa, don kada su shiga tsakanin na'urorin gidan. A wannan shafin ne kuma za ka ga jerin duk wanda yake kan rautar. In ka ga baƙuwar na'ura, sauya kalmar sirri, kowa zai faɗo sai wanda ka ba sabuwar. In maƙwabta sun yi yawa kuma 2.4 GHz tana jan ƙafa, gwada tasha, wato Channel, ta 1, ta 6 ko ta 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna.

Matakin ƙarshe a wayar

Idan ka bi duk waɗannan, ka kashe wayar ka kunna, ka sabunta manhajarta, amma ita kaɗai ce take ƙin hawa netwok ɗin da kowa ke hawa, saura goge saitin sadarwa. A iPhone: Settings, General, Transfer or Reset iPhone, Reset, sannan Reset Network Settings. A Android rubuta reset a akwatin binciken Settings ka zaɓi wanda ya ambaci Wi-Fi da Bluetooth ko network. Hotunanka da lambobinka ba za su taɓu ba, amma duk kalmomin sirrin Wi-Fi da wayar ta adana za su tafi, don haka rubuta waɗanda kake buƙata tukuna. Ka karanta da kyau kafin ka danna, domin maɓallin da yake goge wayar gaba ɗaya, Factory reset ko Erase All Content, a wannan shafin yake, kusa da shi.

In bayan wannan maɓallin Wi-Fi ya dushe ya ƙi kunnuwa, ko wayar ba ta ganin netwok ko ɗaya alhali tana gaban rauta, musamman in ta taɓa faɗuwa ko ruwa ya shige ta, matsalar ta bar saiti ta koma eriya ko guntun da ke sarrafa Wi-Fi a ciki. Adana bayananka a wani wuri, ka kai ta wurin mai gyara, ka gaya masa matakan da ka riga ka bi don kada ya fara da goge maka waya.